Sukarin Mudir

Har gobe ban manta ranar da aka kawo mana Hajja Amna ba. Ƙarshen daminar 2023 ne, ina ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a wajen Doka ta jihar Gadarif, amai da gudawa sun ɓarke daidai lokacin yankan riɗi. 'Yan ƙodago ne kwance a kan tabarmi har bakin ƙofa. Ƙullin garin gishiri da sukari da ake aiko mana ya ƙare, ledar ƙarin ruwa kuma saura biyu. Sai muka koma haɗi da hannu: litar tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Mahlul muke ce masa.

Ku sababbin ma'aikatan jinya, ku gane dalilin awon nan. Bangon hanji ƙwayoyin halitta ne a jere, kowace da siririyar fata mai tace abin da zai wuce. Akwai ƙofar da gishiri ba ya shiga sai ya riƙo sukari, in sun shiga tare ruwa ya bi su cikin jini. Amma ruwa yana da hali guda, inda abu ya fi kauri nan yake nufa. In sukari ya yi yawa ya taru a hanji, sai ya jawo ruwan jiki waje, kamar yadda tumatir ke tsatsafowa in an barbaɗa masa gishiri. Maganin sai ya koma cuta.

Shugabanmu a lokacin, wato mudir, shi ne Ustaz Mu'awiya. Yaƙi ne ya koro shi daga wani ofis a Khartum, aka rasa inda za a ajiye shi, aka ɗora mana. Bai taɓa riƙe allura ba, amma farar rigar likita ba ta barin jikinsa. Talaka in ya shigo, Ustaz da hanci yake nuna masa tabarma. Ranar kuwa da motar Hajj Bashir, mai manyan gonakin dawa, ta tsaya da mahaifiyarsa Hajja Amna a ciki, sai ga mudir da gudu har takalmi na fita.

Na duba Hajja Amna. Ta galabaita, amma tana magana, tana iya sha. Na cika mata jug daga jarkar da kowa ke sha, na ce a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ustaz ya karɓe jug ɗin.

"Khalas, ya isa haka ya sista, ki koma wajen mutanenki. Hajja ni zan kula da ita."

Ya sa aka kai ta ofishinsa, aka shimfiɗa mata gado. Na ji daɗi ma, na ce yau mudir ya sami aikin yi. Wautata ke nan.

Sai bayan azahar na leƙa. Ido ya faɗa, harshe ya bushe, na tsunkuli fatar cikinta ta tsaya a tsaye. Alhali wani mutumin Fashaga da aka kawo lokaci ɗaya da ita, wanda ya fi ta jin jiki, ya tashi zaune yana neman tuwon asida. Na ɗauki kofinta na kurɓa. Wallahi shayin biki bai kai shi zaƙi ba.

"Ya Ustaz, me aka zuba a nan?"

"Sukari na ƙara, daga nawa na shayi," ya ce, har da murmushi. "Aib ne, ya sista. Uwar Hajj Bashir guda a ba ta ruwan lami irin na 'yan ƙodago? A gidanku baƙo mai daraja cokali nawa kuke sa masa? Kuma sukari ƙarfi ne."

"Jug nawa ta sha?"

"Uku. Tana so, ma sha Allah."

Na ce masa sukarin nan shi yake tatse ta. Ya gyara wuyan riga, ya ce shi ya yi kwas a Khartum tun ina goye. Ban tsaya ba, don gardama da jahili mai kujera ɓata yawu ne. Na ɗauko ledar ƙarin ruwa, na nemi jijiya a hannu, na nema a ƙafa, duk sun lafe. Da ƙyar na samu guda. Leda biyun suka shige kamar an zuba a rairayi. Muka sa ta a mota zuwa Gadarif, ba ta kai ba.

Ajali na Allah ne, na sani. Shekarunta sun ja, cutar kuma ba ta wasa. Amma na ga waɗanda suka sha ruwan lamin sun koma gona da ƙafafunsu, kuma na san abin da na ɗanɗana a kofin nan. Na rubuta rahoto. Mudir ne mai sa hannu a rahoto, kun san inda ya ƙare.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, hanji bai san mai gona ba, bai san ɗan ƙodago ba, awo kawai ya sani. Kuma tun daga ranar ba kofin da ke zuwa bakin majinyacina ban ɗanɗana ba, ko hannun wa ya fito. Abin da na fi tsoro a asibiti yanzu shi ne mai neman gindin zama.

Rana ta uku muka je gaisuwa. Ina daga ɓangaren mata na jiyo Hajj Bashir yana gabatar da Ustaz ga mutanen da suka cika rumfa.

"Wannan bawan Allah ya girmama Hajja. Da hannunsa ya haɗa mata nata na daban."

Rumfa ta ɗauka da sa albarka. Ustaz ya sunkuyar da kai, ya ce ai wajibinsa ne.