Mai Kiran Sa Ajuji

Ina tsakar gidan maƙwabciyarmu Gwaggo Hanne a Dangora, sai ga motoci a ƙofa. Ɗan yayanta ne, Alhajin nan mai kamfanonin shinkafa, ya zo duba jikinta.

Tana jin sallamarsa ta ce, "Ajuji, sai yau?"

Wani ɗan rakiya ya ɗaure fuska. "Hajiya, Alhaji ne fa."

Alhaji ya cire takalmi ya durƙusa. Ya ce, "Ƙyale ta. Ita kaɗai ta rage cikin matan da suka ajiye ni a kan juji ina jariri, don kada in bi yayyena da suka rasu. Ran da ta tafi, sunan ya tafi."

Gwaggo ta tura masa ƙwaryar fura.

Ku fa, wa ya rage yana kiran ku da sunan gida?