Ranar da Baba da Baffa Suka Shiga Birni a Keke

Baba ya sha zuwa Kano, amma kullum da dalili: ko asibiti, ko sayen taki, ko gaisuwar mutuwa. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau a ƙauyenmu, can wajen Makoda, bayan an gama cira an ɗora harawa a kan bishiya, sai ya ce shi fa yana so ya je ya ga birni, gani kawai. Kuma a keke.

"A keke, Malam?" in ji Inna, ta ajiye faifan da ke hannunta.

"A keke mana. In mutum ya shiga adaidaita, ba abin da yake gani sai ƙeyar direba."

Da maganar ta tsaya a gida, da Inna ta kashe ta. Sai dai ta kai kunnen Baffa. Baffa ɗan gwaggon Baba ne, taubashinsa, gonarsu iyaka ɗaya, kuma tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Ya zo har zaure ya ce ai dole ya bi, don in an bar Baba shi kaɗai sai an je cigiyarsa a gidan rediyo. Baba ya ce to ya zo, dama yana neman mai riƙe masa keke in zai shiga masallaci.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rijiyar Zaki, don haka a gida ana ganin na san birni ciki da waje. Inna ta kira ni a waya ta ce, "Ga tsofaffinka nan, amana na ba ka. Ka dawo min da su yadda suka tafi." Na ari keken wani maƙwabcina, na je na tarye su a tashar Ƙofar Ruwa da hantsi. Na hango kekunansu ɗaure a saman bas kafin in hango su. Baba ya saka babbar rigarsa ta Juma'a. Sai da na roƙe shi ya naɗe ta a kafaɗa, kada sarƙar keke ta kama ta.

Na yi musu bayani yadda nake yi wa ɗalibai. Mu riƙe gefen dama. Kowa ya bi bayana. Kada a tsaya a tsakiyar titi. In za a juya, a miƙa hannu. Baffa ya saurare ni har na gama, sannan ya dubi Baba ya ce, "Ka ji yaron da na koya wa hawan keke a kan hanyar rafi."

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne gaisuwa. A garinmu ba ka wuce mutum ba ka ɗaga masa hannu ba. Muna hawa titi Baba ya fara ɗaga wa mutane hannu: mai shayi, mai faci, masu jiran mota. Direbobin da ke bayansa suka ɗauka juyawa zai yi, sai su taka birki, su danna hon, shi kuma ya waiwaya ya ɗaga musu su ma. Wani mai adaidaita ya leƙo ya ce, "Baba, ina za ka ne, dama ko hagu?" Baba ya ce, "Lafiya ƙalau, ya aiki?"

Da muka bar babban titi muka shiga lungunan cikin gari, na ce yanzu hankalina zai kwanta. A nan kuma wata al'adar ta taso. Baba ba ya wuce dattawa a zaune yana kan keke; sai ya sauka, ya yi sallama, ya tura har ya wuce su. To a cikin gari kusan kowace ƙofar gida akwai dakali, kowane dakali da dattijonsa. Ya hau, ya taka kaɗan, ya sauka. Baffa ya ce, "Da ka faɗa min yawo za ka kawo keken nan, da na bar nawa a gida ya huta." Amma shi ma yana sauka, don ba zai yarda a ce Baba ya fi shi ladabi ba.

Haka muka tura har Kasuwar Kurmi. A hanya wani tsoho da muka gaisa da shi ya ji daga inda suke, ya ce kakarsa mutuniyar wajenmu ce. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya shigar da mu zaurensa ya nuna mana rufin azara da ya ce ya girmi mahaifinsa. Baba ya daɗe yana kallon sama, yana shafa bango da tafin hannu. Ni da nake garin, ban taɓa shiga irin wannan zauren ba.

Daga Kurmi muka nufi marinar Ƙofar Mata, kuma dole mu bi ta wani shataletale. Na ce mu sauka mu tsallaka da ƙafa. Baba ya sauka. Baffa ya ce shi bai zo birni don ya zama ɗan rakiyar keke ba, ya taka ya shige.

Shiga ta yi sauƙi. Motoci suka tura shi can ciki, jikin da'irar, fita ta gagara. Muna tsaye muna kallonsa ya zagayo ta gabanmu, ya riƙe kan keke da hannu biyu, idonsa a gaba kamar bai san mu ba. Ya sake zagayowa. Ni dai sai tuna muryar Inna nake yi. Baba kuwa, da ya ga ya kuma tahowa, ya ɗaga murya ya ce, "In ka gama, muna nan."

Wani direban bas ne ya lura. Ya tsaya a gicciye, ya tare motocin bayansa, ya miƙo hannu ta taga ya yi wa Baffa alama ya wuce. Baffa ya fito ya tsaya kusa da mu. Baba ya karɓi keken ya riƙe masa, ya miƙa masa ruwan leda. Sai da ya shanye, numfashinsa ya dawo, sannan Baffa ya ce dama so yake ya ƙare wa ginin tsakiyar kallo ta kowane ɓangare.

Daga nan ba wanda ya sake maganar hawa a babban titi. Mun ga rijiyoyin rini, Baba ya sunkuya ya shinshina ruwan shuni ya ce ƙamshin rigar mahaifinsa ke nan. Bayan azahar muka juyo ta Dutsen Dala, muka jingine kekuna a gindinsa, muka hau matakala muna hutawa. A sama suka manta da birnin da suka zo gani gaba ɗaya. Suka juya arewa suna neman garinmu. Baba ya nuna wani duhun bishiyoyi ya ce can ne. Baffa ya ce wannan ko Dawanau bai kai ba. Suka tambaye ni, na ce hazo ya hana ni gani, ko da yake sararin tas yake.

Na raka su har gida a bas, na miƙa wa Inna su kafin magariba. Ta dube su sama da ƙasa, ta kawo tuwo.

Washegari Baba ya kasa tashi daga tabarma, cinyoyinsa sun ɗaure. Inna tana dafa masa ruwan zafi sai muka ji sallama. Baffa ne, da sanda, yana jan ƙafa, kowane taku sai ya cije leɓe. Ya daɗe kafin ya iya kai kansa ƙasa ya zauna.

"Na ji an ce ba ka da lafiya," ya ce wa Baba, "shi ne na ce bari in zo in duba ka."

Inna ta koma madafi ta ƙara ruwa a tukunya.