Goggo Rediyo da Raƙumin Dawa

A layinsu Goggo Rediyo ake ce mata, ita ma ta daina musu. Tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne mai keken ɗinki biyu da madubi mai tsaga a gefe, kuma duk wadda ta kawo ɗinki sai ta tafi da labari, ko ta so ko ba ta so.

Mijinta direban babbar mota ne. Ciwon suga ya tafi da idanunsa tun bai tsufa ba, ya dawo gida ya zauna, mutumin da bai saba kwana biyu a gari ɗaya ba. Da yamma takan ajiye almakashi ta zauna kusa da shi gaban talabijin, tana faɗa masa abin da ake nunawa. Shi kuwa ba ya karɓar bayanin ganin dama.

"Kada ki ce min ransa ya ɓaci," yakan ce. "Me ya yi da hannuwansa?"

"Ya cusa su a aljihu."

"To, yanzu na gan shi."

Haka ya yi ta gyara ta shekara da shekaru. Da ya rasu ta lulluɓe talabijin da ƙyalle, ta ce ita ba ta iya kallo da baki a rufe ba.

Wata Asabar 'yarta, wadda ke aikin jinya, ta roƙe ta ta kai jikoki bikin baje kolin finafinai, domin ranar an ware ta ne don yara. Goggo ta tafi tana mita. A harabar an kafa rumfuna: nan ana zana wa yara gashin bakin kyanwa a fuska, can wani saurayi yana koya musu zane a gefen takardu, in an karkaɗa su da babban yatsa sai mutumin da aka zana ya yi tafiya. Ta tsaya a nan har ƙaramin jikan ya ja mata mayafi.

"Kaka, ke muka kawo ko mu kika kawo?"

Ba ta taɓa shiga zauren sinima ba. Da aka kashe fitilu, allon ya buɗe daga wannan bango zuwa wancan, sai ga daji har iyakar gani, ciyawa na kwanciya tana tashi. Goggo ta riƙe hannun kujera. Raƙumin dawa ya shigo, kansa na neman rufin zauren, gashin idonsa kaɗai ya kai tsawon hannunta. A karo na farko a rayuwarta magana ta ƙi zuwa.

A damanta wata yarinya makauniya ce zaune, farar sandarta a naɗe kan cinya. Mahaifinta na iya ƙoƙarinsa ya faɗa mata abin da ake nunawa.

"Raƙumin dawa ne," ya raɗa mata. Can kuma ya ce, "Ga wani raƙumin dawan."

"Baba, me yake yi? Me ya sa ake dariya?"

"Ruwa yake sha."

Goggo ba ta san lokacin da ta karkata ba. "'Yar nan, kin taɓa riƙe almakashi?"

"Na taɓa, Kaka."

"To ƙafafunsa na gaba ya buɗe haka, kamar almakashi, don wuyansa ya yi tsawo amma ƙasa ta fi shi nisa. Yana sunkuyowa a hankali, gwiwoyinsa na rawa kamar teburin da ƙafa ɗaya ta gaza. Ga leɓensa ya taɓa ruwa."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai, bayan kowa ya gama tasa. Daga nan Goggo ba ta sake yin shiru ba. Yaran layin gaba suka jingino da baya suna saurare, mahaifin ya lumshe ido shi ma.

Bayan fim aka kai yara rumfar yumɓu, kowa ya gina dabbar da ta fi burge shi. Goggo na tsaye tana kallon yatsun yarinyar suna murza laka. Wuya ya fito, dogo, ya lanƙwasa ƙasa. Ƙafafun gaba suka buɗe. Har rawar gwiwar tana nan, a yadda ta ɗan karkatar da ƙafa ɗaya. Goggo ta matso kusa. Abin da ya fita daga bakinta cikin duhu, ga shi tsaye a kan tebur.

Matar da ke shugabantar shirin yaran, wadda ashe a bayansu ta zauna, ta matso ta gaishe ta.

"Mama, muna da yara irinta da yawa da iyayensu ba sa kawo su. Za ki dawo mana gobe?"

"Ni tela ce, 'yata."

"Na ji ɗinkin naki," in ji matar.

Ta dawo washegari, ta dawo shekarar da ta biyo. Aka ba ta wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi a bayan zauren, da makirfo, yaran da ba sa gani kuma aka ba su abin sawa a kunne. Abu ɗaya ya dame ta: 'ya'yanta, kamar yadda take kiransu, kullum a makare suke dariya. Sai ta roƙa a riƙa nuna mata fim tun kafin ranar, ita kaɗai a zauren, tana koyon sako maganarta daidai gaɓar da abin zai faru.

A wani fim na zane, wani beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi, ya taka ɓawon ayaba. Goggo ta faɗa a kan gaɓa. Ta cikin gilashin ta ga zauren ya fashe gaba ɗaya, masu kallo da masu saurare, ba wanda ya riga wani. Ta kashe makirfo ta share ido da bakin mayafi, sannan ta kunna da sauri, don beyar ya riga ya miƙe yana neman hularsa.