Ɗawisun Goggo Ba Kai

Goggona ta fi shekara talatin tana saƙa. A ɗakinta ba wurin zama sai ka ture dunƙulen zare, ja da kore da ruwan ƙwai, ga kwarashi soke a ɗankwalinta kullum. Barguna da matasan kai take yi, kowanne da hotonsa: kifi, kwale-kwale, mage tana barci. Ba ta da yawan magana, amma ba ta mantuwa. Wanda ya taka mata zare bara, bana ma tana sane da shi.

Matar Baffa, wato matar ƙanenta, ita ta tsokano tsuliyar dodo. Ta zo ta ari wani bargo mai hoton tsuntsaye, wai za ta yi baƙi. Ashe gasar sana'ar hannu ta kai shi, wadda ƙungiyar matan unguwa ta shirya, ta ce ita ta saƙa. Ta ci keken ɗinki, aka manna hotonta a bangon zauren ƙungiya tana washe baki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ni da na ga hoton har kuka na yi don takaici. Goggo kuwa ta dube shi, ta gyara tabarau, ta ce, "Ta yi kyau."

Ba a yi wata biyu ba ƙungiya ta nemi gwanar tasu ta saƙa babban bargo da za a rataya a zauren. Sai ga matar Baffa ta lallaɓo.

"Yaya, ki rufa mini asiri. Wannan kaɗai."

"Ba komai, ƙanwata," in ji Goggo. "Ɗawisu zan yi miki."

Na ji haushin Goggo sosai. Wata biyu tana duƙe, idonta na ruwa, yatsunta sun yi kanta. Ɗawisun ya fito kamar zai yi tafiya. Abu ɗaya na lura da shi: kan tsuntsun da wuyansa ta bari sai ƙarshe, ta saƙa su da zare ɗaya shuɗi, kuma da ta gama ba ta ƙulle ba. Duk mai saƙa ta san in ba a ƙulle zaren ƙarshe ba, ja ɗaya ya isa. Ta bar bakin zaren yana reto, tsawon tafin hannu.

Ranar da aka buɗe bargon, zauren ya cika. Goggo ta zauna a layin gaba. Ana cikin tafi shugabar ƙungiya ta hango zaren, ta miƙa wa matar Baffa kwarashi.

"Gwanarmu, ɗan rufe mana wannan, masu koyo su gani."

Matar Baffa ta riƙe kwarashin kamar cokali. Sai ta ja zaren don ta tsinke shi. Tukkun kan ɗawisu ya tafi. Ta ƙara ja a ruɗe, ido ya bi. Kafin ta saki, zare ya taru a ƙafarta, tsuntsu ya tsaya ba kai.

"Yaya, don Allah!" ta ce ƙasa-ƙasa.

Goggo ta ɗaga murya yadda na bayan zaure za su ji.

"Ni? Ina ni ina taɓa aikin gwanaye? Ke kika saƙa, ke za ki gyara."

Sai wata a zauren ta tuntsire da dariya. Wallahi ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. A ranar aka cire hoton matar Baffa daga bango.

Shugabar ta zo har gida tana roƙon Goggo ta mayar wa tsuntsun kansa. Ta ƙi, sai dai ta karɓi shuɗin zaren da aka warware. Da shi ta saƙa ɗan matashi mai hoton kan ɗawisu kaɗai, idonsa a buɗe. Har yau, duk ranar da matar Baffa ta zo gaisuwa, Goggo kan ɗauko shi ta kakkaɓe.

"Zauna, ƙanwata. Ga naki, ki jingina."