Layi Huɗu da Suka Kusa Ɓata Mini Suna

Shekarun baya can, Zamfara na sabuwar jiha, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, ina ajin ƙarshe a wata makaranta a Ƙaura, ina karatun ƙididdiga. Aikina na kammalawa a kan amfanin gona ne. Da yake an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, yayana ne ya riƙa kai ni ƙauyuka a motarsa ta ɗaukar hatsi: Dauran, Ɗan Isa, har cikin ƙasar Shinkafi. Manomi ya faɗi abin da ya samu na gero, dawa da wake, ni kuwa in rubuta.

Abin da na tattaro ya zama ƙaton jadawalin lambobi. Kowane layin kwance gona guda, kowane layin tsaye iri guda na hatsi. Aikin shi ne a yanka jadawalin gida uku, na Ƙaura, na Zurmi, na Shinkafi, a tara kowane gida daban. 'Yan ajinmu sukan rubuta wa kwamfuta umarni shafi biyu, tana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na ci karo da wani yaren kwamfuta a tsohuwar na'urar da kowa ke gudu, mai ɗaukar jadawali ɗungurungum, ya yanka, ya tara.

Mako uku ina fama da shi. Ran farko a kwance na tara maimakon a tsaye, na haɗe gero da wake, har na yi hamdala kafin in lura. Daga ƙarshe dai umarnin nawa ya tsaya a layi huɗu.

Na kai wa malamin da ke duba aikina ina ta murna. Ya juya takardar, ya leƙa bayanta.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan, Malam."

"Wa ar rubuta miki wanga abu?"

Na ce ni ce. Ya yi wata dariya da har gobe ina jin ta. A gaban ɗalibai shida ya ce, "Ɗiya mace ba ta wanga aiki ita kaɗai. Kullum kina ɗakin kwamfuta. Wa kike zama da shi can? Ki kiyayi kanki, yanzu Shari'a aka yi."

Wallahi da faɗar da ni ya yi, da ya fi mini sauƙi. A wancan lokacin irin wannan magana ba ta tsayawa inda aka yi ta. Kafin Juma'a maganar ta isa garinmu Zurmi, ta shiga gidanmu. Mahaifina malami ne, mutane na ɗaukar karatu a zaurensa. Ya kira ni, bai ɗaga murya ba.

"Ke kika yi aikin?"

"Ni ce, Baba."

"To wanda yac ce ba ke ba ce, shi ya kawo shaida. Ki shirya mu tafi."

Ran Litinin ya shiga ofishin shugaban sashenmu da rawaninsa. Buƙata ɗaya ya kawo: a gwada ni a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a aka zarge ni.

Malamin da ya zarge ni da kansa ya rubuta sabon jadawali, ya ce in raba gida biyar maimakon uku, wai don ya rikita ni. Na shigar da lambobin, na canza layi guda a umarnin, na danna. Amsa ta fito kafin in ɗauke yatsa. Su kuwa malamai biyu suka duƙufa da kalkuleta har aka kira Azahar. Gida biyar ɗin nan, ko lamba ɗaya ba ta saɓa ba.

Na jira malamin nawa ya ce "yi haƙuri". Sai ya gyara hula ya ce, "To, mun gani. Amma dai layi huɗu bai isa aikin kammalawa ba. Ta je ta tsawaita shi." Shugaban sashe ya gyaɗa kai, don a rabu lafiya.

Haka na koma na warware aikina, na mai da shi shafi biyu irin na kowa, ina bugawa ina haɗiye hawaye. Aka ba ni matsakaicin maki.

Yau ni ma malama ce. Makin nan tuni ya daina damuna, maganar gari ma ta mutu da kanta. Abin da ya ƙi fita raina shi ne yadda mutum ya ga abin da bai sani ba, maimakon ya ce "nuna mini", sai ya taɓa mutuncin 'yar mutane, ya kuma kwana lafiya. Shi ya sa duk ɗalibar da ta kawo mini aikin da ya fi ƙarfin sanina, nakan jawo mata kujera in ce ta koya mini.

Kwanaki na ga malamin nan a wajen wani suna, ya tsufa, yana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini a gida. Ya amsa da fara'a, ya tambaye ni 'yar wane ce.