Muryata a Zauren Makoki

Edita, lokacin da abin nan ya faru ban cika shekara talatin ba, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Na karanta kwamfuta a Katsina, na dawo gida Batsari na samu aiki a wata ƙungiya da ke taimaka wa manoma da iri da shawara, aka ba ni sashen kula da ma'aikata. Malaman gonarmu sun warwatsu a ƙauyukan Batsari da Safana, daga Wagini har Zakka. Wanda na gada wani dattijo ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan babur, rajista a jaka, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Babu suna ko jana'izar da ke wuce shi. Ni kuwa dariya nake masa a zuci, ina cewa yawon cin tuwo ya mayar aiki.

Cikin wata biyu na jingine rajistar. Na haɗa wani tsari a kwamfuta wanda kullum ƙarfe bakwai na safe zai tura saƙon murya zuwa wayar kowane ma'aikaci. Muryata ce na naɗa, ina gaishe shi da sunansa, ina cewa ya danna ɗaya idan ya fita aiki. In ya danna, sunansa ya koma kore a allona, muryar ta yi masa sannu da ƙoƙari ta sa masa albarka. In ya yi kwana uku bai danna ba, gargaɗi ya tafi. In ya kai bakwai, sai tuhuma, kuma na zauna na zaɓo mata kalmomi masu zafi, har da rashin riƙon amana. Duk wanda ya turo saƙo zuwa lambar da muryar ke fitowa, nan take za ta amsa masa cewa an karɓi saƙonsa, mun gode. Na yi wa kaina alkawarin sauraren saƙonnin kowace yamma, na kuwa cika alkawarin na tsawon mako biyu. Daga nan ban sake buɗe wurin ba. Shugabanmu ya yaba mini, tun da hanyoyin ma ba kullum suke biyuwa ba. Wata ranar kasuwa dattijon nan ya leƙo ofis, ya ce in daure in riƙa kiran mutanena ina jin lafiyarsu. Na juya masa allon kwamfuta na ce ga lafiyarsu nan, duk kore ne.

Akwai malamin gonarmu na Zakka, mutum mai shiru-shiru da ya girme ni, wanda sau ɗaya na taɓa gani ido da ido. Wata rana sunansa ya koma ja. Na gani, ban ɗaga waya ba, don na san na'ura za ta yi aikinta. Gargaɗi ya tafi, tuhuma ta bi baya. A rana ta takwas sunan ya dawo kore, kuma daga nan bai sake fashi ba, bakwai da 'yan mintoci ya danna. Har misali nake bayarwa da shi a taro, cewa ga wanda tsarina ya gyara.

Bayan fiye da wata guda muka kai iri Zakka. Na ga mutane zaune a gindin wata bishiya, na yi sallama na tambayi malaminmu. Hirarsu ta tsaya cak. Sai kallona suke kamar wanda suka sani. Ɗaya ya tashi ya ce in biyo shi, ya kai ni wani zaure mai alluna a jingine, inda na tarar da tsoho a kan buzu, idanunsa sun yi rauni. Mahaifin malamin ne. Ina yin sallama ya ɗago kai, ya ce ya san muryar nan, in ƙaraso. Bayan mun gaisa na ce ɗansa nake nema, na san yana kusa tun da ya danna da safen nan. Tsohon ya ce yau kwanan ɗansa arba'in da uku a kabari, maciji ne ya sare shi a gona. Alhali da idona na ga sunan ya koma kore kafin mu baro Batsari.

Tsohon ya zaro wayar ɗansa daga aljihu ya ajiye tsakaninmu, ya ba ni labari ba tare da ya ɗaga murya ba. Ranar rasuwar ƙanen mamacin ya tura wa ofis saƙon murya, aka amsa musu da godiya, suka zauna jiran zuwanmu. Ranar addu'ar uku zaure ya cika, sai ga saƙo ya shigo. Tsohon ya ɗauka ta'aziyyar ofis ce, ya ce a ƙara sauti kowa ya ji. Sai ga muryata tana kiran sunan ɗansa, tana gargaɗinsa kan ƙin fita aiki. Mutane suka ce kuskure ne, a yi haƙuri. Ranar bakwai ya sake sa ran wannan karon gyara ne, ya sake cewa a kunna, muryar ta kira mamacin mara amana a gaban surukansa da liman. Ya ce ɗansa ko tsabar iri ɗaya bai taɓa karkatarwa ba. Ya tambayi abin da zai sa muryar ta daina zagin yaronsa, aka ce sai an danna ɗaya. Tun daga ranar, kowace safiya yake dogara sanda zuwa kan wani tudu inda sabis ɗin waya ya fi kamawa, ya danna. Ya ƙara da cewa daga baya har jiran lokacin yake yi, don muryar takan ambaci sunan ɗansa ta sa masa albarka, kuma yanzu babu mai kiran sunan sai ita. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce abu ɗaya yake so, muryar da ta ɓata ɗansa a gaban mutane ta wanke shi a gabansu. Bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci, na ce ni ne mai muryar, mamacin bai taɓa cin amanar aiki ba, laifin nawa ne ni kaɗai. Babu wanda ya zage ni, kuma hakan ya fi mini ciwo. Da za mu tafi tsohon ya miƙo mini wayar, ya ce ta ofis ce, shi ya gama da ita.

Na jefa ta a durowa da niyyar cire sunan washegari. Na iso ofis da wuri, ni kaɗai, ina share tebur. Ƙarfe bakwai daidai durowar ta yi ƙara. Na buɗe, na kunna saƙon, na ji kaina ina gaida mamaci cikin fara'a, ina tambayarsa ko ya fita aiki. Na daɗe a tsaye kafin hannuna ya iya taɓa kwamfutar. Sai a ranar na buɗe akwatin saƙonni na saurari ƙanensa yana kuka, yana faɗin lokacin jana'iza.

Ban watsar da tsarin ba, don yana rage wahala, kuma ba na'urar ce ta ƙi sauraro ba, ni ne. Amma na goge gargaɗin da tuhumar. Yanzu duk sunan da ya koma ja, ni nake kira da bakina, in ban samu ba in hau babur. Na je na nemi gafarar dattijon da na gada, ya yi mini addu'a. Ina roƙon duk wanda aka damƙa wa ma'aikata, kada ya bar na'ura ta tuhumi mutum kafin wani mai rai ya tambayi lafiyarsa, kuma kada ya buɗe hanyar saƙo in ya san ba zai saurara ba. Saƙon ƙanen yana nan ban goge ba, nakan buɗe shi duk ranar da na ji girman kai na dawo mini. A ƙasansa ga amsar da na ba su ranar da suka yi rashi: an karɓi saƙonka, mun gode.