Ranar da Suka Riƙe Mini Igiya

Da hantsi na sha furata, na ɗaura igiya a ƙugu, na sauka rijiya. Shekarar fari ce, muna ƙara wa rijiyar wani ƙauye zurfi a gefen Tozai. Mu huɗu ne: Baba Jaɗi mai gidanmu, Mamman, Sani, sai ni mai shiga ƙasa.

Maganata da tafiyata irin na mata ne, haka na tashi. Ɗan daudu ake ce mini. Mamman ma, Hajiya yake kirana a wurin aiki, har ran da Baba Jaɗi ya ce in ya sake, ya nemi wani aikin.

An yi roƙon ruwa, sama ba ta ce komai ba. Sai anka fara cewa irina ne ke hana ruwa sauka. Ni da nake tonon ruwan da za su sha.

Rana ta take, suna jawo ni sama, na kai tsakiya, sai igiya ta tsaya. Na ji gudu, na ji ihun taron mutanen ƙauyen a bakin rijiya.

"Ku saki igiyar!"

Ƙasa nesa, sama nesa. In sun saki, na mutu.

"Kada wanda ya saki!" Muryar Baba Jaɗi ce.

Ban ga komai ba, ji nake yi. Sanda tana sauka a jikin mutum, igiya tana girgiza. Mamman yana kuka kamar yaro, amma bai saki ba. Dutse ya faɗo ya fasa mini kafaɗa. A hankali sunka mai da ni ƙasa, ana dukansu. Na laɓe jikin bango cikin laka.

Bayan azahar makiyaya sunka iso da shanu masu ƙishirwa. Shanun sunka kutsa bakin rijiya, taron ya watse. Makiyayan ne sunka jawo ni, don hannun mutanena ba ya riƙo.

Sani ya raka ni ta cikin gonakin da sunka bushe. A Sabon Birni wani mai babur ya ƙetara da ni Nijar. Ko sallama ban yi wa uwata ba.

Na ji haushi, har yau ina ji. Waɗanda sunka ce a saki igiyar sun san ni, na ci tuwo a gidajensu.

Mamman ya rayu, yatsunsa na dama ba sa lanƙwasawa. Baba Jaɗi bai kai Juma'a ba. A bakin wani ɗan kasuwa na ji, bayan an yi sadakar arba'in.